Zanen Ƙirjin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da matarka da 'ya'yana. Yaya ƙafar nan taka, kumburin ya saɓe ko har yanzu kana wasan ɓuya da likita? Ka shafa mini kan ƙaramar, ka ce goggonta ba ta manta da ita ba. Mu nan lafiya lau. Mama tana nan a kan kekenta kamar kullum, ɗinki ya yi mata yawa, tana mita tana kuma karɓar wani.

Na san za ka ce Auta ta koma zamanin da, ga waya a hannu tana rubuta wasiƙa. Yi dariyarka. Sau nawa na kira ka, da na ji muryarka sai in ɓige da tambayar yara. Maganar nan ta ƙi fita ta baki, shi ya sa na zauna da takarda.

Ka sha tsokanata cewa ba ka san abin da nake yi a asibitin jami'a ba, ban da yawo da farar riga. To yau ka karanta a hankali. Idan za a yi wa mai ciwon daji gashi, wato a ƙona ƙarin da hasken wani inji, injin ba ya ganin ƙarin da ke cikin jikinsa. Ranar farko ake ɗaukar hoton cikin, a auna, a yi wa fatar 'yan alamomi da tawada, irin alamar tarawa ta lissafi: ɗaya a tsakiyar ƙirji, ɗaya a kowane gefe. Kullum ya zo sai ya kwanta a kan gadon injin, wasu jajayen layukan haske su fito daga bango, a yi ta gyara masa kwanciya har layukan su hau kan alamomin. Daga nan kowa ya fita, a rufe ƙofa. Inda alama ta nuna, nan gashin zai shiga. In alamar ta goce, injin ba shi da wayon ganewa. Zai gasa lafiyayyen nama, ya bar gefen ƙarin yana ci gaba da abinsa.

Binciken da Farfesa, mai duba aikina, ya ɗora ni a kai shi ne in riƙa ɗaukar hoton majinyata kowane mako ina kwatantawa da na farko. Yawancinsu yau su ɗan karkata hagu, gobe dama, ba abin damuwa ba. Amma akwai wasu da ke gocewa gefe guda, kaɗan-kaɗan, kowane mako ya fi na baya. Mun zargi gadon, mun zargi injin, mun zargi ramar da ciwo ke sa su. Farfesa har ya sa aka kwance gadon aka sake ɗaurawa. Ni kuwa na bi hotunan nan har idona ya fara ganin biyu-biyu.

Wani direban babbar mota cikin majinyatanmu ne ya warware mini, ba da saninsa ba. Mutum ne mai barkwanci, ko a kan gado yake sai ya tambayi mai kula da injin ko tana da lasisin tuƙa wannan ƙatuwar mota. Ranar wata Litinin ya tuɓe riga, sai na ga zanensa ya fi yadda muka bar shi ranar Juma'a kyau. Kuma tawadarmu baƙa ce, wannan da ɗan shuɗi-shuɗi. Na fita wurin zaman jira na tambayi matarsa. Baiwar Allah ta buɗe jaka ta fito da biro tana murmushi, wai ai an ce musu kada zanen ya goge, shi kuma mutum ne mai gumi, shi ya sa duk bayan wanka take bi ta ƙara masa. Jira take in yaba mata.

Yaya, ka gane inda na dosa ko sai na faɗa?

A tsaye nake a gabanta amma ba ita nake gani ba. Ɗakin Mama nake gani da safe, an ɗage labule don haske ya shigo. Baba zaune a bakin gado ba riga, hannuwansa a kan kai, yana ce mata ta yi sauri tana sa shi dariya. Mama ta ɗan ciji leɓe yadda take yi in za ta yanka yadi mai tsada, tana bin zanen da biro. Ni ina bakin ƙofa da kayan makaranta. Kai ba ka nan a lokacin, amma ka ji labarin ya fi a ƙirga, domin duk wanda ya zo gidan sai ta ba shi: ko sau ɗaya zanen babanku bai goge ba, har ma'aikatan suna nuna shi ga sauran majinyata.

Na bi sauran masu gocewar ɗaya bayan ɗaya. Kusan dukansu akwai wani a gida mai biro: mata, ɗiya, ƙanwa. Waɗanda ba su da mai kula da su, zanensu kan dusashe, mu auna mu sabunta da kanmu, su ne suka zauna daidai. Waɗanda aka fi so su ne suka goce. Farfesa murna kamar ya taka rawa, wai wannan babin shi ne zuciyar littafin bincikena. Ni kuwa tun ranar, idan muka rufe ƙofa muna kallon majinyaci ta ɗan allon talabijin ɗin nan marar kala, kwance da hannuwa a kan kai, wallahi Baba nake gani. Sai in kau da kai, in sake dubawa, shi ne dai.

Ga kuma inda abin ya tsaya mini a wuya. Ranar da zan kare binciken a gaban malamai ta matso, kuma Mama ta riga ta yanka sabon yadi na zuwa. Ta ce a gaba za ta zauna. Shekara da shekaru abin da take riƙe da shi ke nan, cewa ta yi wa mijinta iyakar yinta. Zan tsaya a gabanta in nuna hoton biro a bango?

Ka ba ni shawara, amma don Allah ban da wa'azi. Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Amsarka ta iso, na gode. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Ka gaida matarka, ka ce na ga saƙonta a ƙasan takardar, ita ce ma ta fi ka tausasa harshe.

Ka ce in cire babin. Haba Yaya! In cire, sannan gobe wata ta sayi biro? Ka kuma ce in hana Mama zuwa. Na gwada. Na ce mata zauren ƙarami ne, kujerun na malamai ne. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ai ba a kan kujera aka haife ta ba, za ta tsaya a baya. Kai ka san Mama.

Tambayarka ta ƙarshe, wadda ka rubuta ka soke ka sake rubutawa, ita ce tawa ni ma. Na sauka ɗakin ajiyar tsofaffin hotuna, can ƙasan bene inda ƙura da warin takarda suke. Na sami na Baba. Hoto ɗaya ne tak, na ranar farko, domin a wancan zamani ba a sake ɗauka. Na ɗaga shi a gaban fitila, ga haƙarƙarinsa, ga ƙarin a gefen huhu. Na daɗe ina kallo kamar zai yi mini magana. Ba abin da zan kwatanta shi da shi. Ciwon Baba ya riga ya yi nisa kafin a gano, wataƙila ko zanen bai motsa ba haka za a yi. Wataƙila kuma da ya ga aurenka. Ba wanda zai iya faɗa mana, ko Farfesa.

Direban nan an sake auna shi, an yi sabon zane, an manna masa ledar da ake ganin zanen ta cikinta don kada ruwa ya taɓa. An kama abin da sauran lokaci, likitansa yana da kyakkyawan zato. Matar ce abin tausayi. Da bakina na yi mata bayani, a hankali, na nanata cewa ba laifinta ba ne, mu ne ba mu taɓa cewa kada a ƙara ba. Ta ce to. Tun daga ranar ba ta sake shiga wurin zaman jira ba. Tana rako shi har ƙofa, sai ta koma ƙarƙashin matakala ta zauna a kan wani benci da jakarta a cinya. Shi ya gaya mini ko maɓallin rigarsa ba ta yarda ta ɓalle masa yanzu. Ya faɗa da dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Kullum na wuce ta sai in ce a raina, wannan mijinta yana raye ke nan.

Shi ya sa na yanke shawarar yin shiru. Na ce ranar karewa zan san dabarar da zan yi, ko in ce an ɗage. Ƙarya dai, ni da nake cika baki ban iya ta ba.

Sai yau da la'asar. Ka tuna malamin makarantar nan na gidan da ke kallon namu, wanda ya koya maka lissafi ka ƙi ganewa? An gano masa ciwon a ƙirji, satin nan ya fara gashi, a wani asibitin ba namu ba. Matarsa ta shigo wurin Mama da jajayen idanu. Ina ɗaki ina jin su. Mama ta lallashe ta, ta ba ta labarin Baba tun daga farko. Can na ji ƙarar aljihun keken ɗinki. Na leƙo. Yaya, biron nan yana nan. Shekarun nan duka yana cikin aljihun keke, a naɗe cikin ƙyalle, tare da allurai. Ya bushe tuntuni. Ta nuna mata ne don ta sayi irinsa, mai siririn baki, wai kada ta yarda da mai kauri. Tana koya mata yadda za ta sa shi ya ɗaga hannu, yadda za ta ja fatar da yatsa biyu ta miƙe kafin ta zana.

Jan fatar nan shi ne ya fi komai gusar da alama. Babi guda na rubuta a kansa.

Ina tsaye a bakin ƙofa, daidai inda nake tsayawa ina yarinya. Matar ta yi godiya har da hawaye ta tafi. Na bi ta da magariba na ce kada ta taɓa zanen, in ya dusashe ta gaya wa ma'aikata. Ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce ai Mama ta yi jinya da hannunta, ta ga abin da ido. Na gane a wurinta ni 'yar da aka goya ce a unguwa, farar rigata ba ta kai maganar Mama ba. In ba daga bakin Mama ta ji ba, gobe da safe za ta zana.

Ban san yadda zan yi ba, amma na san ba sauran ɓoyo. Ka yi mana addu'a.

Taka,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da iyali. Ka yafe mini shirun da na yi, na ga kiranka, ban iya ɗauka ba. Ga yadda aka yi.

Ban ma kai ga nemo kalmomi ba. Washegari da sassafe matar malamin ta shigo aron almakashi, ta ce wa Mama, cikin raha, 'yarki likita ta hana ni abin da kika koya mini. Da ta fita Mama ta kira ni. Ba da Auta ta kira ni ba, da cikakken sunana, wanda rabon da in ji shi a bakinta tun ina firamare. Ta ce in zauna in gaya mata abin da nake rubutawa a littafin nan. Na fara kewaye-kewaye, ta ɗaga hannu. Sai na faɗa mata duka, har da direban da matarsa.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki mayafi ta ce in kai ta ta ga ɗakin gashin, domin duk jinyar Baba iyakarta bakin ƙofa. Kafin mu kama hanya ta tsallaka gidan malamin, ta tsaya daga zaure ta ce wa matar abin da ta gaya mata jiya kuskure ne, kada ta kusanci ƙirjin mijinta da biro, ta bi maganar yarinyar nan. Ba ta jira amsa ba ta juyo. Matar ta ce mini ba ta riga ta zana ba, biron ma yana cikin ledarsa.

Na roƙi mai kula da injin ta ba mu ɗakin lokacin hutun rana. Na kunna jajayen layukan. Mama ta sa tafin hannunta a kan gadon, layin ya ratsa bayan hannun, ta tsaya tana kallonsa. Ta tambaye ni gocewar nawa ce take ɓata aiki. Na nuna mata a kan tef ɗin awonta, wanda ba ya barin wuyanta, 'yan layukan nan ƙanana da ko a ɗinkin riga ba a faɗa a kansu. Na ce sau ɗaya ba komai ba ne, matsalar ita ce yau a bi zanen jiya, gobe a bi na yau.

A nan ne ta zauna a kan kujerar da majinyata ke ajiye riga. Ta ce ita kuwa ta san wannan. Duk yarinyar da ta taɓa koya wa ɗinki, abin da take fara hana ta ke nan: ba a ɗora yadi a kan yankan jiya a fitar da sabo, sai an koma ga awo na asali, in ba haka ba riga ta goma ba za ta shiga jikin mai ita ba. Har dukan hannu ta sha yi a kan haka. Ta ce, “Na san shi a kan yadi. Ban san shi a kan mutum ba.”

Yaya, da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi.

Sai ta yi mini tambayarka, ba tare da ta soke komai ba: zanen nan ne ya kashe shi? Na so in ce a'a. Wallahi kalmar tana kan harshena, kuma na san in na faɗa za ta karɓa don ta sauƙaƙa mini. Amma a cikin ɗakin nan, bayan na ga layin nan a kan hannunta, na kasa. Na ce ban sani ba, ba kuma wanda zai taɓa sani. Na ce ciwonsa ya yi nisa tun farko. Na ce waɗanda suka ce mata kada ya goge, suka kuma yaba mata, su ne ya kamata su sani. Ta gyaɗa kai ta ce ta ji, amma hannun nata ne.

Da za mu fita ta hango matar direban a ƙarƙashin matakala. Ban nuna mata ita ba, da kanta ta gane. Ta je ta zauna kusa da ita a kan bencin. Na ba su wuri. Daga nesa ban ga suna wata magana mai tsawo ba, na dai ga Mama ta kwance ƙyallen nan ta nuna mata busasshen biron. Da direban ya fito, matar ta tashi ta karɓi rigarsa ta sama ta riƙe masa ya zura hannu.

Ranar karewa ta zo ta wuce. Mama ta zo cikin sabon ɗinkinta, ta zauna a gaba kamar yadda ta ce. Da hoton biron ya fito a bango ban dubi wajenta ba, ita kuwa aka ce ko ƙiftawa ba ta yi ba. Malamai sun amince da aikin. Asibitinmu ya fara manna leda a kan kowane zane, kuma yanzu ana kiran mai jinya a gaya masa baki da baki kada ya ƙara ko ɗigo. Farfesa yana shirin aika sakamakon ga sauran asibitoci. Kowa yana taya ni murna, ina amsawa.

A gida kuwa labarin nan ya mutu. Baƙi sun zo taya murna, aka ambaci Baba, na ga bakinta ya buɗe daidai inda ta saba cewa ko sau ɗaya zanensa bai goge ba, sai ta tashi ta ce bari ta duba ruwan zafi. Tana cin abinci, tana salla, tana amsa gaisuwa. Ba ta yi fushi da ni ba, har addu'a ta sa mini. Amma labulen ɗakinta ba ta ɗage shi da safe yanzu, kuma yadin mutane ya taru a kan tebur. Takan shimfiɗa shi, ta auna, ta sake aunawa, ta ɗauki alli ta riƙe a sama, sai ta ajiye ta ce hasken bai yi ba.

Yau da safe ina shirin fita ta kira ni. Ta shimfiɗa yadin wata amarya, tef a wuya, ta danne gefen da yatsa. Ta miƙo mini allin ta ce in ja mata layin, ita za ta yanka. Mama, wadda ko kusa da allinta ba ta bari mu je muna yara. Na ja, ya karkace, ka san hannuna. Ta duba ta ce ya yi.

Ka nemi hutu ka zo gida, Yaya. Ka zo da yaran, ko hayaniyarsu za ta sa ta ɗage labulen. Kada ka ce mata komai a kan maganar, ka dai zo da wata tsohuwar rigarka ka ce ta rage maka. Ni na yi abin da ya kamata, na sani, malamin makaranta yana samun sauƙi. Amma ina kewar Mamanmu, ga ta kuwa a ɗaki na kusa da nawa.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ka gaida matarka da 'ya'yana.

Ƙanwarka mai jiranka,
Auta